Fowil kaɗai ta isa a dusar ƙanƙara, ko sai an sayi tayar hunturu?

Baban Khalifa, Maigatari

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, musamman masu sanin ƙasashen sanyi.

Yarona yana Winnipeg a ƙasar Kanada, kuma wannan ne hunturunsa na farko da mota. Ya sayi Toyota RAV4 ta 2015 ta hannu, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ake rubuta wa AWD a baya. Wurin aikinsa yana bayan gari, da asuba yake fita. Yanzu ya ce lallai sai ya sayi wasu tayoyi huɗu na daban saboda dusar ƙanƙara, har da rim ɗinsu, kuɗin ya haura dala dubu ta can, alhali tayoyin da ke jikin motar ko rabi ba su ci ba. Mu kuwa a nan mota mai fowil tana ratsa rairayin hanyar ƙauye da caɓin damina da tayar da take yawo da ita kullum. In yashi ya yi yawa a rage iska a wuce.

To fowil ɗin ba ta wadatar ba ne? In dole ne, wace iri zai saya, kuma ba zai iya sa biyu a gaba kawai ba? Sannan in ƙanƙarar ta taru da yawa a hanya, yaya ake tuƙi a cikinta? Ba kuɗin ne suka fi damuna ba, lafiyarsa nake ji.

Injiniyan Ringim

Wa alaikumus salam Baba. Yaron ne da gaskiya, a bar shi ya saya, kuma kada ya jira sai ƙanƙara ta sauka.

Fowil wajen tashi take taimakon mota, ba ta da hannu a tsayawa. Aikinta raba ƙarfin inji ga ƙafa huɗu maimakon biyu, don in ɗaya ta yi santsi sauran su ja. Birki kuwa kowace mota a ƙafa huɗu take da shi, ko Golf ce ko Hilux. Da zarar an ɗaga ƙafa daga totur an taka birki, ko an karya sitiyari a kwana, abin da ya rage tsakanin mutum da rami shi ne yadda robar taya ta kama ƙasa. Nan ma haɗarin fowil yake ga sabon direba: motar tana tashi lafiya lau, ba ta nuna masa cewa hanya na da santsi, sai ya ƙara wuta, ba zai gane ba sai ya iso mahaɗa ya taka birki motar ta ci gaba da tafiya.

Ga lissafi a gudun kilomita 50 a awa, ban da tazarar da mota ke ci kafin ƙafa ta kai kan birki. A busasshiyar kwalta tana tsayawa cikin kusan mita 14. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka daddanne, kusan mita 40. A kan ƙanƙara mai sulɓi tana iya kai wa mita 100. In an ninka gudun, tazarar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi.

Tayar da ke jikin motarsa, ko da sabuwa ce, robarta tana fara tauri idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Winnipeg kuwa a watan Janairu digiri 20 ƙasa da sifili abu ne na yau da kullum, wani lokaci har 30 da ɗoriya. A irin wannan sanyi taya ta yau da kullum ba ta lanƙwasa ta shiga ƙananan ramukan hanya, zamewa kawai take yi a sama. Tayar hunturu haɗin robarta daban ne, tana zama da laushi a wannan sanyin. Sannan in ka duba zanenta za ka ga kowane haƙori an tsattsaga shi da tsaga sirara masu yawa. Su ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara su kuma tsotse ɗan ruwan da ke kwanciya a samanta. Manyan kwaruruwan kuma dusar suke cika da ita, domin dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa a kan yadda roba ke kama ta.

Wajen saye ya duba gefen tayar, ya nemi tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Rubutun M+S shi kaɗai bai isa ba, wannan fasalin zane kawai yake nufi, ba a gwada shi a dusa. Tambarin dutsen an fara amfani da shi a 1999, kuma taya ba ta samunsa sai an gwada ta ta fi tayar gwaji ja a kan dusa da aƙalla kashi 10 cikin ɗari. Amma a lura, ja ake gwadawa, ba birki a kan ƙanƙara ba. Shi ya sa akwai tayoyin shekara-duka da na shiga daji masu ɗauke da tambarin, kuma ba su kai tayar hunturu ta ainihi ba. Ga garin da yake, ni ta ainihi nake ba da shawara, irin su Bridgestone Blizzak, Michelin X-Ice ko Nokian Hakkapeliitta.

Batun biyu a gaba kuwa, don Allah a cire shi daga lissafi. In gaba ya kama ƙasa baya bai kama ba, da an taka birki a kwana bayan motar zai juyo ya wuce gaba, motar ta yi katantanwa a tsakiyar titi. Huɗu zai saya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Lambar motarsa tana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Yawancin RAV4 na wannan shekarar 225/65R17 suke ɗauka. In tasa Limited ce mai 235/55R18, ya sayi ta hunturu a 225/65R17 da rim na ƙarfe: ta fi araha, ta fi siranta, kuma tsayinsu kusan ɗaya ne.

Mai Faci Gumel

Alhaji barka da war haka. Zan tsaya a kan maganar rage iska, domin dabara ce mai kyau a wurinta, amma kada a tura wa yaro ita.

A rairayi so ake taya ta baje ta yi iyo a sama, saboda in ta nutse babu ƙasa mai tauri kusa. Dusar kan titi ba haka take ba, a ƙarƙashinta akwai kwalta ko dannannen sashe, so ake taya ta yanka ta kai gare shi. Shi ya sa siririyar taya ta fi faffaɗa a can. In ya rage iska, tsagun da Injiniya ya ambata sai su matse, gefen tayar ya riƙa lanƙwasa, sitiyari ya yi nauyin amsawa, kuma ramin titi na iya fasa gefen ko ya lotsa rim.

Hasali ma sanyin da kansa yake rage masa iskar. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 tana cin kusan 1 a geji. In an ba shi iska 33 a cikin gareji mai ɗumi na digiri 15, motar ta kwana a waje a 25 ƙasa da sifili, da safe zai tarar da kusan 26. Ya sayi geji nasa ya ajiye a mota, ya riƙa aunawa da safe kafin ya motsa, aƙalla sau biyu a wata, ya mayar da ita adadin da ke jikin ƙofa, ba wanda ke rubuce a jikin taya ba. Na jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne.

Tunda maganar ta zo, bari in ja kunnen namu na gida. Irin waɗannan tayoyin masu tambarin dutse suna shigowa cikin tayoyin Beljiyam, wasu kuma a jikin motocin tokumbo da aka ɗauko daga Kanada da Amurka. Mutane suna rububinsu don zanensu yana da zurfi, suna da kyan gani. Ba tayar ƙasarmu ba ce. Robar da aka yi don ta zauna da laushi a cikin ƙanƙara, in ta hau kwaltar Gumel zuwa Kano a watan Afrilu, sai ta yi laushi fiye da kima: tana cinyewa da wuri, birki yana ƙara nisa, motar tana lilo a kwana. Balle a ce ta tsufa an kuma lafta mata buhuna ranar kasuwa. Shekarun taya ba a ɓoye suke ba. A nemi rubutun DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara. 3518 na nufin mako na 35 a 2018.

'Yar Kazaure a Manitoba

Baba ina wuni, Allah ya ƙara girma. Bayanin taya ya wadatar, zan ƙara abin da ya shafi lardin da yake da kuma tuƙin kansa.

A Manitoba, lardin da Winnipeg take, doka ba ta tilasta tayar hunturu ba. A lardin Kebek ne dole, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Amma rashin doka ba ya nufin hanya ta fi sauƙi. Sanyin Winnipeg yakan wuce inda gishiri ke iya narkar da ƙanƙara, don haka yashi ake yawan watsawa, kuma bakin fitilun hanya, inda kowa ke taka birki yana tashi, yakan goge ya yi sulɓi na makonni. Idan kuɗi ne matsala, hukumar inshorar motoci ta lardin, MPI, tana da bashi mai sauƙin ruwa har dala 2,000 don sayen tayoyi masu tambarin dutse, ana cikewa a shagon tayar. Wanda ba ya son abin da ya shafi ruwa sai ya tara ya biya hannu da hannu. Ko ta yaya, ya kama layi tun cikin Oktoba, domin ranar da dusa ta fara zuba shaguna cika suke yi.

Akwai kuma taya mai ƙusoshi, wato ƙananan ƙarafa da ake dasawa a haƙoranta. Manitoba ta yarda da ita daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. Tunda da asuba yake fita bayan gari, kafin a share hanya a watsa yashi, ni ita zan zaɓar masa.

Yanzu dusa mai zurfi. Abin da ke kafe mota a cikinta ba ƙarancin ja ba ne, tsayin ciki ne. RAV4 ta 2015 tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita 16 ba. In dusar ta wuce haka, gaban motar yana tura ta, tana cushewa a ƙarƙashi tana dannuwa, har motar ta hau kai ta zauna. A lokacin tayoyin ba nauyi a kansu, huɗun duka za su yi ta juyawa a banza. Don haka in ya ga tudun dusa da iska ta tara a gicciye, ko wanda motar shara ta bari a bakin layi, kuma bai san zurfinsa ba, ya sauka ya duba. Wadda ta kwana ta daskare ta fi sabuwa haɗari, tana iya fasa bamba ko lagireto.

In zurfin mai shiguwa ne, kafin ya shiga ya danna maɓallin kulle fowil da ke kusa da sitiyari. Motar nan a tafiyar yau da kullum gaba ne ke yawan ja, baya sai an ji santsi yake shigowa. Maɓallin yana sa baya ya kama tun daga farko, kuma yana sakin kansa in gudu ya wuce kilomita 40. Ya shiga a hankali da totur guda, ba ƙari ba ragi, sitiyari a miƙe gwargwadon iko, ya bi sawun motocin da suka riga shi, kada ya tsaya a tsakiya ko a kan hawa.

In ta kafe, abu na farko ya ɗaga ƙafa. Duk juyin da taya ta yi a wuri ɗaya narkar da dusar take, ta koma ƙanƙara mai sulɓi, ramin kuma ya ƙara zurfi. Ya fito da shebur ya kwashe gaban kowace taya da bayanta kamar mita ɗaya, ya kuma zaro wadda ta cushe a ƙarƙashin ciki, wannan ne aikin da mutane ke ƙyuya kuma shi ne mai fitar da mota. Ya zuba yashi a sawun tayoyin, ko ya cusa tabarmar ƙafa ta roba. Sannan ya kashe na'urar hana taya juyawa a banza, TRAC, domin tana rage wa inji wuta daidai lokacin da ake son ɗan juyi. Ya sa ribas ya koma ta sawun da ya shigo, shi ya fi sauƙi. In ta ƙi, ya riƙa lilo: gaba kaɗan, birki, ribas kaɗan, birki, kowane zuwa yana ƙara tsawo. Kada ya canza giya taya na juyawa, giyabos ɗin otomatik ba ya jure wannan. In ya yi 'yan mintuna ba ci gaba ya huta, man giya yana zafi. Da ya fita ya mayar da TRAC.

Abin da na fi so a nanata masa shi ne salansa. In mota ta kafe a dusa ko an rufe hanya yana ciki, ya fara share bakin salansa kafin ya kunna inji don jin ɗumi. In ya toshe, hayaƙin yana komowa cikin mota, kuma gubarsa ba ta da wari, ita ce dai mai kashe mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki. Ya kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, ya ɗan sassauta gilashi ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, ya sake duba salansar kowane lokaci. Kada ya bar motar ya kama tafiya a ƙasa cikin guguwa. Yankin fili ne fetal, iska na ɗaukar dusa ta rufe ido har mutum ya kasa ganin gaban motarsa. Babbar hanyar da ta yi yamma zuwa Portage la Prairie ana yawan rufe ta saboda haka. Ya riƙa duba Manitoba 511, shafin bayanin halin hanyoyin lardin, a waya kafin ya fita, in an ce an rufe ya zauna a gida.

A but kada a rasa shebur, buhun yashi ƙarami, igiyar ja, wayar tayar da batir, bargo, safar hannu, tocila, abin kankare gilashi da ɗan abin ci. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. Ruwan waifa ya sayi mai jure 40 ƙasa da sifili, ruwan famfo daskarewa zai yi ya fasa robar. Akwai wata waya da ke leƙowa ta gaban yawancin motocin lardin, ta hitar inji ce. In sanyi ya kai 15 ƙasa da sifili ya jona ta a wuta awa 3 zuwa 4 kafin ya tayar.

Baban Khalifa, Maigatari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura masa duka. Ya ce ya ga wani yana sayar da na hannu guda huɗu da rim ɗinsu a rabin kuɗi. Za a iya saye? Sannan tsakanin mai ƙusa da marar ƙusa, Injiniya me ka gani?

Injiniyan Ringim

Ana iya sayen ta hannu Baba, amma da sharaɗi. Ya je da ma'aunin zurfin zane, ba shi da tsada. Sabuwar tayar hunturu tana zuwa da kusan milimita 8 zuwa 9, kuma in ta sauko milimita 4 ta daina aiki a dusa ko da a ido tana da kyau. Wadda ke da 5 hunturu ɗaya za ta yi masa, rabin kuɗi a kanta asara ce. Ya nemi 7 zuwa sama. Ya auna huɗun duka, ciki da tsakiya da waje. A motar AWD bambancin zurfi tsakanin tayoyi yana sa wata ta fi wata juyawa, na'urar da ke haɗa gaba da baya ta yi ta aiki ba hutu har ta yi zafi ta lalace, kuma gyaranta ya fi tayoyin tsada. Ya duba shekara kamar yadda Mai Faci ya nuna. Wadda ta haura shekara 5 ko 6 robarta ta fara bushewa, laushin da ake saye dominsa ya tafi. In Blizzak ce ya ƙara lura, domin robar da ta fi kama ƙanƙara a saman zanen take, kusan rabi na sama, in ta cinye wannan sauran ba kamarta ba ne. Rim kuma ya tabbatar na irin motarsa ne, rami biyar masu tazarar milimita 114.3. Ba kowane mai rami biyar ke shiga ba.

Batun ƙusa, Hajiya 'Yar Kazaure tana da hujja, amma ban goyi baya kai tsaye ba. Ƙusa ta fi komai a kan ƙanƙara tsantsa, musamman kusa da sifili inda samanta ke jiƙe. A cikin dusa mai zurfi kuwa ba ta ƙara komai, zane ne ke aiki. A busasshiyar kwalta tana da ƙara, kuma birkinta bai kai na marar ƙusa ba. To ya dubi hanyarsa. In akwai ɓangaren tsakuwa ko ƙananan hanyoyin karkara da ba a sharewa da wuri, ya bi shawararta. In babban titi ne tun daga gida har wurin aiki, marar ƙusa mai kyau ta ishe shi.

Bayan an ɗaura, ya koma a sake ɗaure notuna in ya yi kilomita 80 zuwa 100, domin sukan saki a rim ɗin da aka canza. Ranar da dusa ta fara, ya nemi filin ajiye motoci da babu kowa, ya ɗauki gudun 20 zuwa 30 ya taka birki da ƙarfi. Zai ji feda tana karkarwa a ƙafarsa tana ƙara, ABS ce ke aiki, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki. Kada ya ɗaga kuma kada ya riƙa famfo, ya danne ya ci gaba da sarrafa sitiyari. Gara ya fara jin wannan a fili da ya fara jinsa a bayan tirela. A kan hanya ya bar tazarar daƙiƙa 8 zuwa 10 tsakaninsa da na gaba, kada ya kunna na'urar riƙe gudu, ya rage tun kafin kwana ba a cikinta ba, ya kuma yi hattara da gada, domin iska na bi ta ƙarƙashinta tana riga sauran titi daskarewa.

In sanyi ya wuce, zafi ya zauna sama da digiri 7, galibi cikin Afrilu, ya cire su ya mayar da tsofaffin. Ya rubuta wa kowace inda ta fito da alli don a juya su baɗi, ya wanke gishirin jikin rim, ya jera su a kwance a wuri mai sanyi da rana ba ta bugu.